Yadda na bi sawun man da motata take sha

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya bayyana a jawabinsa na kama mulki cewa tallafin man fetur ya ƙare, ya zama da wuya mai mota a Nijeriya ya bambance ko motarsa ce ta ƙara shan mai ko kuwa kuɗin aljihunsa ne suka rage auki. A farkon waccan shekarar, lokacin da farashin hukuma bai kai naira 200 a kowace lita ba, naira 10,000 takan cika tankin ƙaramar mota. Zuwa ƙarshen 2024, da lita ta haura naira 1,000 a garuruwa da dama na Arewa, wannan kuɗin ko lita 10 ba ya kawowa. Yawancinmu kuwa da naira muke sayen mai, muna cewa a zuba na dubu biyar ko na dubu goma, ba tare da mun dubi yawan litar da ta shiga ba, saboda haka duk wanda ya ce motarsa tana shan mai, sau da yawa abin da yake nufi shi ne kuɗi ba sa isarsa. Ni ma a cikin wannan ruɗanin nake a hunturun ƙarshen 2024, sai dai wani abu ya hana ni kwanciyar hankali, wato cikakken tanki da yake kai ni kusan mako biyu ya koma ƙarewa cikin mako guda da 'yan kwanaki, alhali hanyar da nake bi ba ta canza ba.

Motar Toyota Corolla ce ƙirar 2007, mai inji lita 1.8 da giya mai canza kanta, 'yar Amurka da ta shigo ta Kwatano, kuma tankinta yana cin lita 50. Aikinta bai wuce kai yara makaranta, da zuwa wurin aiki daga Rijiyar Zaki ta Kabuga zuwa Bompai, da ziyarar dangi a ƙarshen mako ba. Da na fara faɗa wa abokai damuwata, kowa ya kawo tasa shawarar. Wani ya ce gidajen mai ne suke tauye mudu, wani ya ce a wanke nozul, wato bakin da yake fesa mai cikin inji, wani kuma ya ce injin ne ya tsufa, in nemi wani. Na ga cewa idan na bi kowace shawara zan kashe kuɗin da ya fi na man da nake kuka a kai, kuma ko da motar ta gyaru ba zan san abin da ya gyara ta ba. Don haka na yanke shawarar ba zan bari a taɓa ko da ƙusa ɗaya ba sai na auna.

Hanyar aunawar ba ta buƙatar komai sai littafi da alƙalami. Na cika tanki har kan famfon ya tsaya da kansa a karon farko, ban yarda mai zuba man ya ci gaba da dannawa ba, sannan na mayar da ƙaramar mitar tafiya zuwa sifili. Na ci gaba da harkokina kamar kullum, da man ya yi ƙasa na koma wannan famfon na sake cikawa har ya tsaya, na rubuta litar da ta shiga da nisan da mitar ta nuna. Idan aka raba nisan da yawan litar, sai a sami kilomitar da mota take yi da lita guda. Akwai abin lura a nan ga masu motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka, domin mitarsu da mil take ƙirga, kuma sai an ninka da 1.6 kafin a sami kilomita. Na maimaita awon a wani gidan mai daban, saboda in kawar da zargin tauye mudu, wanda ba zargi ne na banza ba tunda hukumar NMDPRA da ke kula da harkar takan rufe gidajen mai a kan wannan laifin. Sakamakon wuraren biyu ya zo kusan ɗaya: kilomita 7.5 a kowace lita. A tsohon littafin da na riƙa rubuta kuɗin mota lokacin da na saye ta, lissafin ya nuna tana yin kusan kilomita 11 a irin wannan zirga-zirgar. Ke nan kusan kashi ɗaya cikin uku na man da nake saye yana tafiya ne ba tare da ya kai ni ko'ina ba, kuma laifin yana jikin motar.

Na fara da abin da ido zai iya gani. Na kwanar da motar a kan siminti mai tsabta, da safe na duba ƙarƙashinta ban ga ɗigon fetur ba, ban kuma ji warinsa a kusa da tanki ko cikin bonet ba, kuma robar murfin tankin lafiyarta lau. Na kwashe tarkacen da suka daɗe a but, har da tsohon batir da jarkokin ruwa, duk da na san ribar hakan kaɗan ce, domin a ƙididdigar Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ƙarin nauyin kilo 45 ba ya cin fiye da kusan kashi 1 cikin 100 na mai.

Tayoyi ne suka fara ba ni mamaki. A jikin ginshiƙin ƙofar direba akwai takardar da kamfani ya manna, wadda ta ce a sa wa kowace taya iska awo 30. Na sayi ƙaramin ma'auni nawa na kaina, na auna da sassafe kafin tayoyin su yi zafi, sai na tarar da na baya biyu sun haura 40, na gaba kuma, waɗanda suke ɗauke da nauyin inji, ɗaya tana 22 ɗaya tana 24. Masu faci da yawa da bugun taya da ƙarfe suke gane iska, wasu kuma ma'auninsu ya daɗe da lalacewa, shi ya sa ake samun irin wannan bambancin a mota guda. Tayar da iskarta ta yi ƙasa tana shimfiɗuwa a kan kwalta, tana lanƙwasa tana miƙewa a kowane juyi, kuma injin ne yake biyan wannan wahalar. Asarar ba ta da yawa, kusan kashi 0.2 cikin 100 ne a kan kowane awo guda da ya ragu, amma wadda ta cika fiye da ƙima ita ma haɗari ce a kan kwaltar bazara.

A wurin auna iskar ne na lura da abin da ya fi ta muhimmanci. Bayan na dawo daga aiki wata rana, na kai hannu kusa da ƙarfen tayar gaba ta dama, sai na ji zafi yana bugowa, alhali ta hagu ɗumi kawai take da shi, kuma ƙarfen na dama ya yi baƙi da garin birki. Washegari a gareji aka ɗaga motar da jak, yaron garejin ya juya tayar hagu ta yi ta juyawa, ya juya ta dama ta tsaya kafin ta zagaya sau ɗaya. Da aka kwance, sai ga ɗaya daga cikin ƙarafan da birkin yake zamewa a kansu ya bushe ya yi tsatsa, robar da take kare shi ta yage, laka da ƙura sun cika ramin. Wato birkin ba ya saki gaba ɗaya idan na ɗaga ƙafa, motar tana tafiya ana riƙe da ita. Aka goge ƙarfen, aka sa giris da sabuwar roba, aka canza takalman birkin da suka cinye ta gefe guda. Awon da ya biyo baya ya ba ni kilomita 8 da 'yan kai. An samu ci gaba, amma babban ɓarawon yana nan.

Bakaniken da na saba da shi ya ce saura a wanke nozul a canza fulogi. Wannan ita ce amsar da ake ba kusan duk wanda ya kai ƙarar shan mai, kuma wani lokaci takan dace, domin nozul ɗin da yake ɗiga ko wanda ba ya fesa mai da kyau yana ɓarna. Amma motar wannan zamanin ba kamar mai kafireta ba ce da ake murɗa ƙusa a rage mata mai. Akwai ƙwaƙwalwa a cikinta da take karɓar bayani daga na'urori masu auna yawan iskar da take shiga, da zafin ruwan inji, da iskar oksijin da ta rage a cikin hayaƙi, sannan ta yanke yawan man da za a fesa, tana neman ta riƙe kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na fetur. Tun daga 1996 doka ta wajabta wa duk motar da za a sayar a Amurka ta zo da tsarin OBD-II, wato wata kafa a ƙarƙashin sitiyari da ake jona kwamfuta a karanta abin da ƙwaƙwalwar ta gani. Na ce wa bakaniken, "Oga, ka yi haƙuri a dakata da nozul ɗin, bari mu fara jin abin da motar za ta faɗa da bakinta."

Wani rewaya aka kwatanta mini, matashi mai natsuwa da yake aiki da kwamfutar binciken mota. Kafin ya jona komai sai ya murɗa makulli ba tare da ya tayar da inji ba, ya zuba wa fitilun gaban direba ido. Fitilar batir ta kama, ta bakin mai ta kama, ta birki ta kama. Ya juyo ya ce, "Malam, fitilar nan mai hoton inji, yaushe rabonka da ganinta?" Na ce tun da na sayi motar ba ta taɓa kamawa ba. Ya ce ai ko lafiyar mota ƙalau dole ne ta kama idan an murɗa makulli, sannan ta mutu bayan inji ya tashi. Ya kwance allon mitocin, ya buɗe bayansa, sai ga guntun baƙin salatif an liƙe shi daidai kan idon fitilar, ya tsufa har gefensa ya bushe. An yi wannan aikin tun kafin motar ta zo hannuna, kuma dabara ce da aka sani a kasuwar tsofaffin motoci, domin mai saye yana gudun motar da take nuna gargaɗi. Wannan abu ya ɓata mini rai ƙwarai, saboda wanda ya rufe fitilar ya raba duk wanda zai mallaki motar bayansa da hanya ɗaya tilo da take sanar da shi cewa wani abu ya lalace.

Kwamfutar ta fito da lambobi biyu. Ta farko P0128, ma'anarta zafin ruwan inji ba ya kaiwa inda ya kamata. Ta biyu P0031, wadda take nuna matsala a wayar da take ɗumama sensar hayaƙi ta gaba, wato na'urar da take auna oksijin a cikin hayaƙi. Rewayan bai tsaya a kan lambobin ba, ya ce mu zagaya da motar yana riƙe da kwamfutar. Muka hau hanyar Wudil da hantsi, iskar hunturu tana kaɗawa, muka yi tafiya mai nisa, amma zafin ruwan ya tsaya tsakanin digiri 60 da 65. Allurar zafi da ke gabana ko rubu'i ba ta kai ba. Da muka tsaya ya buɗe bonet, fankar lagireto tana ta gudu, kuma ya nuna mini cewa da zarar an murɗa makulli take tashi, ko da injin ya kwana a sanyi.

A nan ne labarin ya haɗu. A watan Afrilun 2024, cikin tsananin zafin Kano da yake haura digiri 40, motar ta taɓa yin zafi a cunkoso har allura ta kusa ja. A garejin da aka kai ta a lokacin aka cire tamostat, aka kuma haɗa fanka kai tsaye, motar ta daina zafi, kowa ya ce an gama. Tamostat wani ɗan ƙaramin bawul ne a kan hanyar ruwa tsakanin inji da lagireto. Idan inji yana da sanyi yakan rufe hanyar domin ruwan ya yi saurin ɗumama, idan zafi ya kai kusan digiri 82 a irin wannan injin sai ya fara buɗewa, da haka yake riƙe injin a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki. Fanka kuma ba ta tashi sai zafi ya haura digiri 90 ko an kunna na'urar sanyaya mota. Fetur ba ya narkewa ya gauraya da iska yadda ya kamata a cikin inji mai sanyi, shi ya sa ƙwaƙwalwar mota take ƙara mai a mintunan farko bayan an tayar, da niyyar ta rage idan inji ya ɗumama. To, idan aka cire tamostat aka bar fanka tana gudu ba tsayawa, wannan lokacin ragewar yana jinkiri ƙwarai, wani lokaci ma ba ya zuwa. Kamar uwargida ce da take ta tura itace a murhu domin tukunya ta tafasa, wani kuma yana tsaye yana zuba wa tukunyar ruwan randa. A bazara da damina zafin gari ya ɗan rufa wa matsalar asiri, da hunturu ya shigo sai ta fito fili, musamman da yake yawancin tafiyata gajera ce kuma da sassafe.

Na koma wurin bakanikena da wannan bayanin, domin shi zai yi aikin mayar da tamostat ɗin, kuma bai ɓoye ra'ayinsa ba. Ya ce, "Yallaɓai, wannan abin na ƙasar ƙanƙara ne, nan Kano me za mu yi da shi? Na ga injin da ya kashe da idona." Ban raina maganarsa ba, domin gaskiya ne tamostat ɗin da ya tsufa yakan maƙale a rufe, ruwa ya kasa zagayawa, inji ya ƙone gasket a cikin mintuna, kuma mutumin da ya ga haka sau da yawa yana da dalilin tsoro. Amma maganin wanda ya lalace shi ne a sa sabo mai kyau. Motocin da ake sayarwa a Saudiyya da sauran ƙasashen da suka fi mu zafi duk da tamostat ɗinsu suke zuwa. Na roƙe shi mu nemo abin da ya sa motar ta yi zafi tun farko, tunda cire tamostat ɓoye ciwon ya yi. Da aka sauke lagireton aka buɗe, sai ga ƙananan hanyoyin ruwan da yawa sun toshe da tsatsa da wani farin dutse-dutse, sakamakon ruwan rijiya da na burtsatse da aka daɗe ana zubawa. Ƙura da ƙwari kuma sun cike tsakanin lagireton da na'urar sanyaya mota da ke gabansa, murfin lagireton ma robarsa ta mutu, ba ya riƙe matsi, wanda hakan yake sa ruwa ya tafasa da wuri. Na sayo sabon lagireto da murfi da tamostat a Kofar Ruwa, aka wanke hanyoyin ruwan injin, aka zuba ruwan sanyaya inji na musamman mai hana tsatsa, rewayan kuma ya mayar da fankar a kan tsarinta na asali. Kafin a ɗaura tamostat ɗin bakaniken ya jefa shi a tukunyar ruwan zafi don ya gamsu, muna tsaye muka ga bakinsa ya buɗe a hankali kafin ruwan ya tafasa, aka fito da shi ya sake rufewa.

Da gangan na hana a canza sensar hayaƙi a wannan ranar, saboda ina son in san rabon kowane gyara. Allurar zafi ta koma hawa kusa da tsakiya cikin 'yan mintuna ta tsaya a can, awon mai kuma ya tashi zuwa kusan kilomita 9 a lita. Ya kamata in faɗi cewa awon tanki guda ba abin dogaro ba ne, domin mako mai cunkoso da mako mai sauƙi suna iya bambanta da rabin kilomita, don haka sai na maimaita kafin in rubuta lamba a matsayin tabbatacciya.

Sensar hayaƙi tana ɗaure ne a jikin bututun salansa kusa da inji, kuma ita ce take gaya wa ƙwaƙwalwa ko man da aka fesa ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Ba ta aiki sai ta yi zafi sosai, shi ya sa aka sa mata wayar ɗumamawa a ciki. Idan wannan wayar ta mutu, ƙwaƙwalwar takan daina dogaro da sensar, ta koma fesa mai bisa ƙiyasin da aka rubuta mata tun daga kamfani, kuma wannan ƙiyasin yakan karkata ga yawan mai ne domin kare injin. Rewayan ya fara duba fis da wayoyi, domin lambar da kwamfuta ta nuna ba ta cewa lallai sensar ce ta mutu, tana iya zama waya ce ta tsinke. Ya auna wayar ɗumamawar da mitarsa ya tarar ta yanke daga ciki. A kasuwa akwai sabuwa mai araha da ba a san asalinta ba, akwai ta jikin tsohon inji, akwai kuma ta asali mai tsada, kuma ya ba ni shawarar in daure in sayi ta asalin mai lambar da ta dace da injin, domin araha ba ta ado, kuma sensar da take ba da bayanin ƙarya ta fi wadda ta mutu wahalar ganewa. Ya ƙara da cewa kada in jinkirta, saboda ɗanyen man da yake fita ta salansa yana ƙona matatar hayaƙin nan da bakanikai suke kira indomi, wadda tsadarta ta samo asali daga ƙarafa masu daraja irin su filatinam da ke cikinta, kuma idan ta narke ta toshe, injin yakan shaƙe ya ƙara shan mai. Tawa ta tsira. Bayan an ɗaura sabuwar sensar an goge lambobin, warin ɗanyen fetur da nake ji a bayan motar da safe ya ɓace, awon kuma ya kai kilomita 10.

Sauran gyare-gyaren ƙanana ne. Da aka ciro fulogai sun yi baƙi ƙirin da toka, alamar injin ya daɗe yana cin mai fiye da ƙima, kuma bakinsu ya cinye duk da ba su shekara ba, alhali na iridiyam na gaskiya suna wuce kilomita 150,000. Jabu ne a cikin kwali mai kyau. A wurin juye kuma na tarar bakin man da ake zuba mini mai kauri ne, 20W-50, alhali a kan murfin injin an rubuta 5W-30. Mai kauri yana ƙara wa injin nauyin juyawa, musamman da safe, kuma wannan injin yana da tsarin VVT-i mai daidaita lokacin buɗewar bawul ɗin inji, wanda yake aiki da matsin bakin mai ta ƙananan hanyoyi. Matatar iska ta cika da jar ƙura, na canza ta, ko da yake gwajin da aka yi a cibiyar bincike ta Oak Ridge a Amurka a 2009 ya nuna cewa a motoci masu nozul da ƙwaƙwalwa toshewarta ƙarfin mota take ragewa fiye da ƙara shan mai, tunda ƙwaƙwalwar tana rage fetur daidai da iskar da ta samu. Abin da ya fi damun rewayan shi ne murfin akwatin matatar da maƙallinsa ɗaya ya karye, ƙura tana bi ta gefe tana taruwa a kan siririyar wayar da take auna iska, ya fesa mata maganin wankinta ya hana kowa taɓa ta da hannu. Nozul ɗin da aka so a fara da su an gwada su daga ƙarshe, huɗun duka suna fesawa daidai, babu mai ɗiga.

Akwai kason da ba na gareji ba ne, na ƙafar direba ne da tsarin fitarsa. Motar da take tsaye inji yana aiki tana iya ƙona lita 1 zuwa 2 a awa guda gwargwadon girman injin da kuma ko an kunna sanyi, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar makaranta lokacin tashi ya ga layin motoci suna ruri ba mai motsi. Haka nan al'adar barin mota tana ɗumama na dogon lokaci da safe gado ce daga zamanin kafireta, domin injin yanzu ya fi saurin ɗumama idan aka ja shi a hankali. Taka totur da ƙarfi daga wannan danja a je a taka birki a ta gaba yana iya cin kashi 10 zuwa 40 cikin 100 a cikin gari, gudun da ya wuce kilomita 80 a awa kuma yana ƙara shan mai da sauri saboda turjiyar iska. Na koma kashe inji idan jiran zai yi tsawo, na haɗa aike-aiken gida a fita guda maimakon a tayar da inji mai sanyi sau da yawa, na kuma riƙa fita kafin cunkoson Kabuga ya haɗu. Zuwa ƙarshen hunturu awon ya daidaita a kusan kilomita 10.5 a lita. Ga mai tafiyar kilomita 1,000 a wata, bambancin 7.5 da 10.5 shi ne lita 133 da lita 95, wato lita 38, kuma a farashin wancan lokacin kuɗinsu ya kusa naira 40,000 kowane wata. Cikin 'yan watanni gyaran ya mayar da kuɗinsa.

Jarrabawar da bakanikena yake jira ita ce bazara. Da Afrilun 2025 ya zo na kunna na'urar sanyaya mota kusan kullum, awon ya sauka zuwa kilomita 9.5, wanda ban yi mamakinsa ba tunda a tsananin zafi da gajeriyar tafiya wannan na'urar tana iya cin fiye da rubu'in man mota. Wata rana da azahar na ɗauki rewayan da kwamfutarsa muka shiga cunkoson Kurna, sanyi a kunne, motoci ba sa motsi. Zafin ruwan ya riƙa kaiwa da komowa tsakanin digiri 88 da 95, allurar ba ta gusa daga tsakiya ba, fitilar mai hoton inji kuma ba ta kama ba.